Gargaɗi a kan wani mai sayar da kyamarar infirared ta bogi

Akwai wani mutum da ke tallar kyamarori a shafukan sada zumunta, yana cewa shi da hannunsa yake juya su su koma ɗaukar hoton infirared, wato hasken da idon mutum ba ya gani, kuma ina sanar da duk mai sana'ar hoto cewa macuci ne. Naira 480,000 ya karɓa a hannuna a kan Sony a6000, wadda ya rantse ya cire mata gilashin da ke tare hasken infirared a gaban sensa (ɓangaren da ke ɗaukar haske a cikin kyamara), ya maye gurbinsa da filta mai nanomita 720 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne). Naira 480,000, ban da kuɗin motar da ta kawo ta da abin da na ba direba a tasha.

Kada kowa ya ce da ka na faɗa wa cinikin nan. Na san idon mutum ba ya gani fiye da wajen nanomita 700, na san sensar kyamara tana iya kaiwa kusan 1,100 amma kamfanoni suna toshe ta da gangan, kuma da sani na zaɓi kyamara marar madubi, domin ita a kan sensa take saita hoto, ba ta da matsalar saitin da DSLR, wato kyamara mai madubi, ke bayarwa bayan an juya ta. Tambayoyin da na yi masa ba na ɗan koyo ba ne, kuma duk ya amsa su daidai. Da na ce ina tunanin filta mai 590, shi ne ya hana ni. Ya ce, “Malam, in ganyen darbejiya fari sol kake so da sararin sama mai duhu, ka tsaya a 720, ita 590 launi take cikawa.” Gaskiya ya faɗa, kuma a kan wannan maganar na yarda da shi. Har yanzu ina jin muryarsa a kwance, babu gaggawa, “Malam, ka tsaya a 720.” Mutumin da ya san bambancin 590 da 720, da wane dalili zan zarge shi? A daren na tura rabin kuɗin, naira 240,000.

Kafin nan ma ya turo mini bidiyo yana danna rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar, fitilar rimot ɗin, mai fitar da infirared, tana haske a allo. Sauran naira 240,000 kuwa na tura ne bayan ya nuna mini hoton kwalin a hannun direba, har da lambar motar.

Da kyamarar ta iso na fita da ita da hantsi, rana ta take, na saita ta kan bishiyoyi. Allon ya yi duhu, sai da na kafa ta na bar ta tana shan haske na tsawon daƙiƙu kafin wani abu ya fito, ganye duk ya dagule saboda iska. Kyamarar da aka juya da gaske a hannu ake riƙe ta da rana a ɗauka nan take. Sai na lura da wata baƙar filta mai arha da aka ɗaura a bakin gilashin gaba, mai zaren milimita 40.5. Na kwance ta, kyamara ta koma ɗaukar hoto mai launi yadda ta fito daga kamfani. Na cire gilashin gaban na duba sensa: tana nan da shuɗi-shuɗin nan mai ɗan kore na gilashin asali, alhali wadda aka sa wa 720 baƙa wuluk take fitowa. Mai gyaran da na kai wa ya duba kusoshin ya ce ba a taɓa kwance ko ɗaya ba. Wato naira 480,000 na biya a kan tsohuwar kyamarar da ta fito tun 2014, ga shi ba a taɓa buɗe cikinta ba. Bidiyon rimot ɗin ma ba hujja ba ne, domin kyamarori da yawa da ba a juya ba suna nuna wannan hasken kaɗan.

Na kira shi, da farko ya ce yaronsa ne ya sa wata a kwalin bisa kuskure, zai canza mini. Daga baya ya ce ya yi tafiya ta rasuwa. Yanzu lambar ba ta shiga, shafin ya sauya suna, amma hotunan tallar su ne dai, kuma na ga mutane suna tambayar farashi a ƙasa. Na kai ƙorafi banki. Hirarmu, shaidar turawar kuɗi guda biyu da saƙonnin muryarsa duk suna hannuna, zan fitar da su da zarar na rufe lambar direban, wanda ba ruwansa.

Kada ku biya sai kun ga sensar da idonku an cire gilashin gaba, kuma a ɗauki hoton bishiya a gabanku da rana, a hannu, babu komai ɗaure a baki. In ya ƙi, ku riƙe kuɗinku.