Rutschman ko Henderson, wa za a sa a gaba?

A 2019 ƙungiyar besbol ta Baltimore Orioles ta Amurka ta ɗauko yara biyu a zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara, magoya baya kuma in an zo jera 'yan ƙananan lig ɗin besbol kusan kowa Adley Rutschman yake sawa a sama, ai shi aka fara ɗauka a duk ƙasar, ya fito daga jami'ar Oregon State a nune, ga shi mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, aikin da samun gwaninsa ke da wuya. Gunnar Henderson kuwa ɗan sakandare ne, ɗanye shakaf, shi ne na 42 da aka ɗauka. Ni ma da Rutschman zan zaɓa wallahi. Su biyun sun hau babban lig a 2022, amma Henderson ne ya lashe kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa ta American League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na babban lig, a 2023.