Etymonline da Asalin Kalmar "Tombstone"

Na gwada Etymonline, shafin intanet mai bayanin asalin kalmomin Turanci, wanda Douglas Harper ya kafa, da kalmar "tombstone", wato dutsen da Turawa ke sanyawa a kan kabari, kuma bayanin da na samu ya gamsar da ni. Shafin ya nuna cewa "tomb" ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin, tushenta kuwa Girkanci ne, inda "tymbos" ke nufin tudun ƙasar da ake tarawa bisa mamaci. Abin da ya fi burge ni shi ne, a ƙarni na 16 dutsen kwance yake kamar murfi, ba tsaye ba. Amfani da shafin kyauta ne, sai dai bayaninsa a cushe yake, don haka duk wanda Turancinsa bai nuna ba, zai sha wuya.