Digirin nazarin Littafi Mai Tsarki ta intanet: inda yake da ƙarfi, da inda yake da rauni

Makarantun tauhidi da yawa yanzu suna ba da digirin farko a nazarin Littafi Mai Tsarki ta intanet, shekara uku zuwa huɗu. Tsarin kusan iri ɗaya ne: laccoci a bidiyo, karatun mako-mako, rubutaccen aiki, sai jarrabawa. A darussan share fage, wato gabatarwar Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, tarihin Isra'ila da tarihin ikilisiya, wannan tsari ya wadatar, kuma yana taimakon mai aiki da mai iyali ƙwarai.

A wajen harsuna ne yake rauni, kuma nan ne ya kamata ka auna kowace makaranta. Da Ibrananci aka rubuta Tsohon Alkawari, ban da wasu sassa na Aramiyanci kamar Daniyel 2:4 zuwa 7:28 da wani ɓangare na Ezra. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci ne. Haruffa 22 na Ibrananci da 24 na Helenanci ba sa ɗaukar lokaci. Wahalar tana cikin aikatau, musamman manyan sigogi bakwai na Ibrananci, inda canjin wasali ɗaya kan juya ma'ana. Bidiyo ba ya jin kuskurenka, sai ka yi wata uku kana maimaita shi ba wanda ya gyara maka. Saboda haka nemi makarantar da ke da aji kai tsaye da malami, aƙalla sau biyu a mako, zango biyu ga kowane harshe, sannan zango na uku da za a karanta littafi sukutum, kamar Yunusa ko Markus. Tambaya ko ana amfani da bugu na 28 na Nestle-Aland, wato Sabon Alkawari na Helenanci da aka buga a 2012, kuma ana koyar da bayanan ƙasan shafi da ke nuna bambancin tsofaffin kwafe.

Wasu makarantu sun maye gurbin harsunan da darasin amfani da manhajar kwamfuta. Ba mu yarda da wannan ba. Ɗalibi ya latsa kalma, ƙamus ya jero masa ma'anoni biyar, ya ɗauki wadda ta dace da wa'azinsa, alhali nahawun jimlar bai ba shi wannan damar ba.

Sai batun tantancewa. Hukumar ABHE na tantance kwalejojin Littafi Mai Tsarki a Amurka da Kanada, hukumar ATS kuma makarantun tauhidi masu ba da digiri na biyu a can, hukumar ACTEA a Afirka. Duba sunan makarantar a jerin hukumar da kanta, kada ka dogara da tambarin da aka manna a talla, domin akwai masu kafa wa kansu hukumar bogi. Duba kuma ko gwamnatin ƙasarka ta amince da takardar, in ba haka ba jami'a na iya ƙin karɓarka a digiri na biyu.

Ka san abin da kake nema tun kafin ka biya kuɗi. Sashen addini na jami'a yana nazarin nassi ta fuskar tarihi da adabi, ba ruwansa da bangaskiyarka. Makarantar ɗarika tana da bayanin bangaskiya da malamanta suka sa wa hannu, karanta shi. Idan naɗin fasto kake buri, nemi amsar ɗarikarka a rubuce ko tana karɓar digirin intanet, domin wasu sai ɗalibi ya zauna a makaranta ya kuma yi aikin horo a ikilisiya.