Sharhi kan Kayan Zanen Tsuntsaye da Gwaiduwar Ƙwai da Zinariya

Akwatin da na saya daga wani shago a Italiya ya zo da allon katako da aka riga aka shafe da farin alli da danƙo, da garin launi iri-iri, da jan yumɓu, da fallayen zinariya, da dutsen goge ta. Ƙwai kaɗai mai saye zai nema, domin salon da ake kira tempera ya ginu ne a kan kwaɓa garin launi da gwaiduwa da ɗan ruwa, kamar yadda masu zanen Italiya suke yi kafin fentin mai ya ƙwace fagen a ƙarshen ƙarni na 15. Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafi kan sana'ar wajen shekarar 1400, har bambanta gwaiduwar kazar birni da ta ƙauye ya yi, saboda ta ƙauye ta fi ja.

Gauraka na zana, kuma a kan gashinta ne na ga amfanin wannan fenti. Yana bushewa nan take, ba ya yarda a dama launi biyu a kan allo, don haka dole mutum ya riƙa jera siraran layuka, wani bisa wani, har inuwa ta fito. Gashin tsuntsu kuwa dama haka halittarsa take. Tukkun kanta ya fito sili-sili, abin da fentin ruwa bai taɓa ba ni ba. Garin launin yana da laushi, ba tsakuwa a cikinsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen zinariya. Takardar bayanin ta taƙaita aikin a 'yan layuka, alhali sai an shafa yumɓun sau da yawa, an goge shi ya yi santsi, an jiƙa shi, sannan a ɗora fallen da numfashi kaɗai kan iya ninke shi. Fallayen da suka sako ba su isa mai koyo ba, kuma a lokacin hunturu, da iska ta bushe, ruwan yakan ƙafe kafin zinariyar ta kama. Ba su kuma faɗi cewa fentin da aka kwaɓa ba ya kwana ba, ko cewa ƙudaje da kyankyasai suna bin sabon zane saboda ƙwan. Wanda zai saya ya haɗa da ƙarin zinariya tun a odar farko, domin kuɗin aikowa ba ƙarami ba ne.