Akuya ko Dinya: Wasannin Ɓarna Biyu a Ma'auni

Duk wanda ya girma a Garwa ko Marwa ya san abin da akuya ke iya yi idan ta kutsa cikin kasuwa, shi ya sa wasan bidiyo na Goat Simulator, wanda kamfanin Coffee Stain na ƙasar Suwidin ya fitar a ranar 1 ga Afrilun 2014, ba ya buƙatar dogon bayani a wurinmu. Mai wasa shi ne akuyar. Yana tunkuyin mutane da motoci, yana lasar kaya su manne a harshensa ya ja su, kuma gwargwadon ɓarnarsa gwargwadon makinsa. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun bar kurakurai da dama a cikinsa da gangan domin su ƙara ban dariya.

Untitled Goose Game, na kamfanin House House da ke Melbon a Ostareliya, ya fito a Satumbar 2019, kuma ɓarnarsa ta dabara ce. Dinya ce ke yawo a wani ƙauyen Ingila da jerin ayyukan da za ta cika, kamar sace makullan mai lambu, wanda sai an yi haƙuri an laɓe an jira ya juya baya.

Ni na fi son na dinyar, domin dariyarsa ta fi daɗewa, alhali hargitsin akuyar yakan gundure ni bayan ɗan lokaci. Sai dai akuyar tana da fifiko guda mai nauyi a nan arewacin Kamaru: ana samunta a wayar Android, ita kuwa dinyar sai da kwamfuta ko na'urar wasa irin su Switch da PlayStation 4.