Gargaɗi ga masu neman jitar flamenco ta farko: kada takardar cikin jita ta ruɗe ku

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna Sifaniya da masu yin odar kaya daga nan. An damfare ni Yuro 380 a kan jita, kuma mutumin da ya yi mini wannan aika-aika har yanzu tarkonsa a ɗane yake. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ina aiki a gonakin leda na yankin Almería. Wani abokin aikina ɗan Andalus ne ya fara kai ni wurin da masu flamenco, wato kiɗan gargajiya na kudancin Sifaniya, ke taruwa da dare, irin zauren da suke kira peña. Tun daga ranar kiɗan ya shiga raina. Wannan yanki kuwa gidan jita ne, domin a nan aka haifi Antonio de Torres a 1817, mutumin da ya ba jitar Sifaniya siffar da take da ita a yau, har akwai gidan tarihin jita mai sunansa a cikin birnin. Na samu malami, na yi wata huɗu ina koyo da jitar aro, ina tara kuɗi a hankali don in mallaki tawa.

Sai na ci karo da talla a wani dandalin sayar da kayan gwanjo a intanet. Hotuna masu kyau, jita ruwan zuma, kuma a hoto na uku an nuna takardar da ake mannawa a cikin ramin jita, ɗauke da sunan wani tsohon gidan masu ƙera jita na Madrid. Mai tallar ya ce ta mahaifinsa ce da ya rasu, shi bai san komai a kan kiɗa ba, so yake kawai ya rabu da ita don ganinta na tuna masa da marigayin. Ya ce yana can arewacin ƙasar, ba zan iya zuwa in gani ba, amma zai aiko. Da na nemi ya ba ni kwana biyu in tambayi malamina, sai ya ce mutum uku na jira, wanda ya fara ba da kafin alƙalami shi ke da kaya. Na tura masa Yuro 150 kai tsaye ta waya. Bayan ya turo hoton kwali a naɗe, na cika sauran.

Jita ta iso, kuma wannan ne ya sa dabarar tasa ta fi ta masu karɓar kuɗi su ɓace haɗari: mai koyo zai iya yin shekara bai san an cuce shi ba, yana ɗora laifin a kan yatsunsa. Ni ma kwana tara na yi ina fama, hannuna na hagu na ciwo, sautin na fita a dushe. Da na kai wa malamina, bai ko kaɗa ta ba. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya leƙa ramin, ya ce mini: "Ɗana, wannan ba jitar flamenco ba ce, kuma ba ita ce ta cikin hoton ba."

Abin da ya nuna mini a ranar shi ne abin da nake so kowa ya sani kafin ya fitar da ko sisi.

Jitar flamenco da jitar da ake kira clásica sun yi kama a ido: tsirkiya shida ta nailan, wuya mai faɗi, girma kusan ɗaya. Bambancin yana cikin ƙira. Ta flamenco ba ta da nauyi, cikinta bai kai na ɗayar kauri ba, kuma tsirkiyoyinta suna kwance kusa da wuya. A ƙarfe na 12 cikin ƙananan ƙarafan da ke jere a gicciye a kan wuyan, tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfen wajen milimita 3 ce ko ƙasa da haka kaɗan, ta clásica kuwa takan kai 4. A wurin jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kamar na garaya ko goge, tsayinsu daga fuskar jita wajen milimita 8 ne, don yatsun dama su riƙa isa ga katakon cikin sauƙi. Ba sai kana da ma'auni ba. Kaurin kwandalar Yuro 1 ya ɗan haura milimita 2. In ka zura guda ɗaya a ƙarfe na 12 ta shige da ɗan sarari, lafiya. In ka haɗa biyu suka shige, ajiye jitar. Tawa biyun suka wuce ba su taɓa tsirkiya ba.

Akwai kuma golpeador, wata siririyar leda mai ƙarfi da ake mannawa a fuskar jita don kare katako, saboda mai kiɗan flamenco yana ƙwanƙwasa fuskar da farce. A nan 'yan damfara suka fi samun mu. Ledar ba ta da tsada, kowa na iya saya ya manna wa jitar clásica mafi araha, ya ɗauki hoto ya rubuta "flamenca". Haka aka yi wa tawa, har da kumfar iska a ƙarƙashin ledar.

Sai katako. Jitar flamenco ta gargajiya, wadda ake kira blanca, bayanta da gefenta na itacen ciprés ne mai haske, mai wani ƙamshi da za ka ji in ka kai hanci bakin ramin, fuskarta kuma galibi ta itacen abeto ce. Wadda ake kira negra da itacen palosanto mai duhu ake yin bayanta. Don ka gane ko fuskar tsantsar katako ce, dubi kaurin bakin ramin: in jijiyoyin itacen sun gangara har ƙasa ba yankewa, tsantsa ce, in kuwa ka ga hawa-hawa kamar filawud, manne ne. In faɗi gaskiya, mannen katako a baya da gefe ba aibi ba ne ga mai koyo, jitocin koyo masu kyau da yawa haka ake yin su. Aibin shi ne a sayar maka da manne da sunan tsantsa. In kuma wani ya ce maka jitarsa ta palosanton Brazil ce a kan kuɗi kaɗan, ka sani tun 1992 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wannan itace cikin jerin da aka fi tsaurara cinikinsa, sai da takardu ake sayar da shi.

Takardar cikin ramin kuwa, wadda ita ce ta ja ni, malamina ya haska ta da fitilar waya sai ga gefen wata takardar a ƙarƙashinta. An buga ta saman ne da firinta, aka shafa mata wani abu don ta yi kamar ta tsufa. Jitar da aka ƙera da hannu a gidaje irin su Ramírez ko Conde, gidan da marigayi Paco de Lucía, shahararren makaɗin flamenco, ya yi shekaru yana kaɗa jitarsu, dubban Yuro ake sayar da ita ko da ta hannu ce. Magajin da ya iya ɗaukar hoton takardar ya iya rubuta sunan a intanet ya ga farashi. Wannan tunanin ya kamata in yi, amma son in fara da babban suna ya rufe mini ido. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin da na yi asara sun kusa isa in sayi sabuwar jitar koyo ta gaskiya. Kamfanin Alhambra da ke Muro de Alcoy a lardin Alicante, wanda ke aiki tun 1965, yana yin samfurin 3F don masu farawa. Yamaha ma na da tata. A shago za ka riƙe ta, ka auna, ka sa mai shagon ya rage tsayin tsirkiya in ya yi yawa. Sabon kaya a Sifaniya yana da garantin shekara 3 tun daga 2022, kuma in ta intanet ka saya daga shago a Tarayyar Turai, kana da kwana 14 na mayarwa. Wannan haƙƙin bai shafi ciniki tsakaninka da wani mutum kawai ba. In dole sai ta hannu, ku haɗu ido da ido, ka je da wanda ya iya kiɗa. In nesa yake, ka ce ya yi bidiyo kai tsaye yana zura kwandala a ƙarfe na 12 yana ambaton sunanka. Kada ka yarda ka biya ta hanyar "abokai da dangi" a PayPal, don babu kariyar mai saye a cikinta, haka ma tura kuɗi kai tsaye.

Na kai ƙara ofishin jami'an tsaro na Guardia Civil da hotunan hirarmu da shaidar biya, na kuma kira 017, layin kyauta na taimako kan damfarar intanet. Lambar mutumin ta daina shiga tun ranar da kwalin ya iso. Makon jiya na sake ganin hotunan nan guda biyar a wata sabuwar talla, an canza gari, an canza suna, kuma wannan karon jitar ta kakansa ce. A hoto na biyu akwai jan labule da kujerar kaba a bayan jitar. Duk wanda ya gan su ya kai rahoton tallar, ya kuma sanar da 'yan'uwa.