Ra'ayina Kan Wani Ajin Lissafi Na Yamma a Garwa

Wata uku ke nan da na sa ɗiyata, wadda ke aji na ƙarshe na firamare, wato CM2, a wani ajin ƙarin karatu na yamma a unguwar Yelwa da ke Garwa ta ƙasar Kamaru, domin jarrabawar kammala firamare, wato CEP, da ta shiga sakandare sun ƙarato. Matsalarta ba ƙidaya ba ce, domin ta haddace jadawalin ninkawa. Da zarar tambaya ta zo cikin dogon zance na Faransanci sai ta rasa inda za ta kama.

Malamin yakan raba yaran rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni tambaya ɗaya, su tattauna da Hausa ko Fulatanci, sannan su fito gaban allo su bayyana hanyar da suka bi. Na halarci zaman da aka tambaye su ribar mai sayar da albasa, inda wani yaro ya lissafa da dala kamar yadda ake yi a kasuwa, ya ce ashirin maimakon sefa 100. Malamin bai tsawata masa ba, sai ya sa abokansa su gano inda bambancin ya fito, har suka fahimci cewa dala ɗaya sefa 5 ce. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Inda nake da ƙorafi shi ne masu kaifin baki sukan mamaye bayanin, masu kunya kuwa su riƙe alli kawai. Ɗakin ma ya yi ƙanƙanta ga zafin Garwa. Duk da haka zan biya kuɗin wata mai zuwa.